Sharar gidana ce kaɗai ke zuwa wurin Babana

Daga admin: Wata ƴar uwa ce daga Maraɗi ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A yi mata magana da tausasawa.

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na wannan gida, da fatan kowa ya tashi lafiya. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, wani lokaci har in sa baki, ban taɓa zaton ni ma zan kawo tawa ba, kuma wai a kan shara. Eh, shara dai, wadda ake sharewa a zubar. Na san wasu za su yi dariya tun daga nan, ku yi abinku, ni ma da wata ce ta kawo da sai na murmusa. Amma don Allah ku daure ku kai ƙarshe sannan ku ba ni shawara, don wallahi abin nan ya hana ni sukuni, ko keke na hau sai in tarar na karkace ɗinkin mutane.

Ni tela ce, a unguwar Zariya ta nan Maraɗi nake aure, ƴaƴana huɗu, babbar har ta yi aure ta haihu. Asalina Tsibiri, can iyayena suke har yau. Kwanakin baya aka kafa komite na tsabta a layinmu saboda abin ya yi yawa, kwatoci duk leda ta toshe su, da damina ruwa har cikin zaure. Wasu samarin unguwa suka haɗa ƙungiya, suka samu moto mai ƙafa uku da rabin tano-tano, wato gangunan ƙarfe da aka yanka biyu, duk gidan da ya yi abonma, wato ya shiga yana biyan kuɗin wata, sai a aje masa tano a ƙofa, su riƙa zuwa suna kwashewa suna kaiwa wani rami can hanyar Jiratawa. Gidan da ya shiga sai su shafa masa koren fenti a jikin ƙofa don direba ya gane. Tsakani da Allah yaran suna aiki, ga ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansu. Yanzu duk layinmu kowace ƙofa da koren fentinta, sai tamu. Kuma abin kunyar, maigidana shi ne shugaban komiten.

Dalilin da ya sa ban shiga ba, ni ina da mai kwashe mini shara tun ina amarya. Wani dattijo ne ɗan garinmu, bari in kira shi Na'Allah, yana da amalanken sa. Duk Juma'a yakan shigo Maraɗi da itace ko harawa ya sayar, in zai koma sai ya biyo ta gidana ya loda sharar mako, ya kai gonar Babana. Waɗanda ba su san ƙauye ba, a wurinmu sharar gida ba abin banza ba ce, taki ce. Toka, kashin awaki, dusa, ɓawon gyaɗa, ƙasar tsakar gida, in aka zuba a gona hatsi sai ya yi baƙi ƙirin don ƙarfi. Kuma al'ada ce, gidan da manomi ke ɗaukar takinsu, in kaka ta yi zai aika musu da dami guda, haƙƙin taki ake ce masa, ba kyauta ba ne. Babana da kansa ya shirya wannan da Na'Allah a satin da aka kawo ni, har yana yi mini tsiya wai tunda birni ya ƙwace masa ɗiya to birni ya biya shi da juji. Lokacin ma motocin shara na meri, wato hukumar gari, duk sun tsaya, ma'aikata na ta yajin aiki ba albashi, kowa da amalanke ya dogara.

Ban cika shekara da aure ba siyasa ta shigo gadan-gadan. Manyanku za su tuna yadda garin nan ya koma, kowane gida da tutarsa, wa da ƙane ba su cin tuwo kwano ɗaya. Babana yana jam'iyya guda, shi ke tara mata mutane a Tsibiri, maigidana kuma yana wata, lokacin yana da ƙuruciya ga baki, shi ake ba lasifika a miting. Ranar da suka je miting a garinmu, a gaban jama'ar da suka san Babana tun yana yaro, maigidana ya kama sunansa a lasifika, ya ce akwai tsofaffin da suka sayar da garinsu a kan buhun shinkafa, ga babbansu nan ma surukinsa ne. Mutane suka yi ta shewa ana buga ganga. Babana mutum ne da ko goro bai iya karɓa a hannun ɗan siyasa, kowa ya san haka, shi ma wanda ya faɗa ya sani, daɗin baki ne kawai ya ɗebe shi.

Washegari Baba ya aiko in tattaro kayana in dawo gida. Ina da tsohon ciki na fari, ina zan nufa da shi? Na ce a ba shi haƙuri, zuciya ce, za ta sauka. Ashe ban san uban da ya haife ni ba. Ya dafa Alƙur'ani a ƙofar masallaci a gaban mutane, ya rantse muddin ina gidan mutumin nan ƙafarsa ba za ta taka gidana ba, tawa ba za ta taka nasa ba, bakinsa ba zai yi mini magana ba, kuma ko allura ba zai karɓa kyauta daga gidan ba. Ya hana Inna ko ambaton sunana a gabansa. Tun kafin wani ya rubuto mini maganar kaffara, na sani, malamai sun je sun gaya masa, liman ya je, ƙannensa sun je. Maigidana ma da hankali ya dawo masa ya ɗauki dattawa ya je ya durƙusa, ba sau ɗaya ba, Baba sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya bar su zaune. Na gwada tura yara tare da Inna, da ya hango su sai ya ɗauki hauyarsa ya yi gona har sai sun tafi, suka riƙa dawowa da kuka, na daina turawa. Abin da ke ƙona mini rai, manyan da aka yi wannan faɗan dominsu tuni suka shirya, sun haɗe, sun rabu, sun sake haɗewa, sojoji sun zo sun tafi, maigidana ya bar siyasa ko rediyo ba ya son ji. Mu ne kawai aka bari a inda aka aje mu.

To Juma'ar farko bayan rantsuwar, ina zaune idona ya kumbura, sai na ji ƙarar amalanke a ƙofa. Na fito na ce, "Baba Na'Allah, ba ka ji abin da ya faru ba?" Ya ce, "Na ji, ɗiyata. Amma ban ji an ce in daina ba. Ina kwandon yake?" Ya loda ya tafi. Na kwana ina jiran a dawo da ita a zube mini a ƙofa, shiru. Da kaka ta yi sai ga dami a kan amalanke, zangarniya manya-manya zaɓaɓɓu. Na rungume damin nan na yi ta kuka kamar wadda aka aiko wa gawa. Na'Allah ya ce, "Ya ce a gaya wa masu gidan haƙƙin taki ne, kada su ɗauka wani abu ne." Daga baya na fahimci lissafinsa. Shara ba kyauta ba ce, abin zubarwa ce, kuma gona take zuwa ba gidansa ba, dami kuma haƙƙi ne da ya zama dole ya fitar. Rantsuwarsa na nan ba ta karye ba. Haka muke tun daga ranar har yau, shara ta je, dami ya zo. Ko shekarar da aka yi yunwar nan da mutane suka koma cin ganye, damin ya zo, ɗan siriri kamar damtsen hannuna, amma ya zo.

Sannu a hankali na gane Baba ba zuba sharar kawai yake ba, duba ta yake. Da na haihu ban san ta inda zai ji ba tunda ya toshe bakin kowa, ashe ya ga ganyen wankan jego a cikin kaya. Juma'ar da ta biyo Na'Allah ya sauke mini itace lodi guda a tsakar gida, wai bai samu mai saye ba kuma san ya gaji. Itacen da ake wawa a kasuwa! Da ɗana ya yi ƙyanda kwalaben magani suka yi yawa a sharar, sai ga tsamiya da zuma, wai wani ya manta su a amalanke. Na'Allah ma an hana shi zancen gidana, zancen kaya kawai aka yarda ya yi, don haka duk hirarsu a kan kaya take, kayan wannan mako sun yi nauyi, kayan akwai baƙi a ciki, kayan ba a dafa nama ba. Ni ma da na gane sai na shiga yi da gangan. Takalmin yaro in ya matse shi, maimakon in ba wani sai in jefa ƙafa ɗaya a kwando don ya ga yadda ƙafar ta girma. Allon lekol, na makarantar boko, da ya fashe na jefa. Da za a aurar da babbar ɗiyata na tara sauran lalle da ganyen goro na zuba a sama-sama yadda ba zai kasa gani ba, shekarar damin da ya zo mutum biyu suka sauke shi. Ƙyallayen ɗinkina kuwa Inna ta ce su yake ɗaurawa a igiya yana korar tsuntsaye, gonarsa ta fi ta kowa ado in hatsi ya fitar da kai.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ku ba. Matsalar ita ce sharar yanzu ba irin ta wancan lokacin ba ce. Awakina tuni na sayar, unguwa ta cika ba wurin kiwo ga ɓarayi. Itace mun bari mun koma gaz, toka ko ta wanke tukunya babu. Komai yanzu a leda yake zuwa, mai a leda, koko a leda, ruwa a leda, ga batura, ga gwangwani, ga famfas na jikata in uwarta ta zo. Ni da ke sharewa na san babu taki a ciki ko na cikin cokali, amma na ƙi bari zuciyata ta yi tunanin, tunda dami bai fasa zuwa ba sai na ce ai yana da amfani ke nan. Ga shi kuma sharar sai ta yi mako tana jiran Juma'a, da zafi wari, da damina ƙuda da tsutsa. Maƙwabciyata da muke katanga ɗaya ta yi magana har ta gaji, ranar da jikanta ya kwanta da gudawa ta shigo har tsakar gidana ta faɗa mini maganganu, kuma ta fi ni gaskiya.

Watan jiya Inna ta zo. Ita dama rantsuwar ba ta hau kanta ba, takan zo ranar kasuwa mu yini. Wannan karon na dama mata fura ta ture, ta ce ba zama ya kawo ta ba. Ta ce, "Ki daina aiko da sharar nan, kashe mini miji take yi." Ta ce gefe guda na gonar ya mutu, leda ta shiga ƙasa ko ciyawa ba ta fitowa. San nomansa da ya mutu bara, wanda aka ce mini ciwo ne, da aka farka cikinsa leda aka ciro dunƙule guda. Shi kuma duk Asabar zai yini yana tsince kayan da sanda, abin da zai ƙonu ya ƙona, yana tsaye cikin hayaƙin, yanzu tari ya kama shi har an kai shi likita, an ce in bai rabu da hayaƙi ba ƙirjin ba zai ɗauka ba. Rumbunsu rabonsa da cika an daɗe, amma damina shi ake fara ɗaurewa tun kafin a kai nasu gida. Na ce, "Inna, to me ya hana shi ya ce a daina?" Ta dube ni ta ce, "Ke ba ki san dalili ba?" Na sani. Na sunkuyar da kai kawai.

Kada ku ce ban yi dabara ba, na yi. Na je wurin wani mai kiwon tumaki a bayanmu na sayi taki mai kyau, na karɓo toka a gidan burodi, na loda wa Na'Allah, sharar gaskiyar kuma na ba samarin moto. Washegari da hantsi sai ga bawan Allah nan ya dawo da lodin yadda yake, tun daga Tsibiri, sa yana kumfa. Wai Baba ya tona da sanda sau ɗaya ya ce, "Wannan ba sharar gidan ba ce, wannan kyauta ce, kuma na rantse. Mayar musu." Na gwada tsince ledar da kaina in aika sauran, abin da ya rage bai cika kwano ba, kuma ya aiko da faɗa wai wa ya sa a riƙa taɓa masa kaya, a kawo su yadda suke ko a bari. Sai na ce to bari in gwada barin. Juma'a guda na ce wa Na'Allah babu kaya. Da ya dawo mako na gaba ko gaisuwa bai amsa da kyau ba. Ya ce Baba ya fito bakin hanya tun la'asar ya zauna a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ya ga amalanke wayam ya miƙe tsaye, ya ce, "Na'Allah, mutuwa aka yi?" Ya ce masa a'a, lafiya lau. Bai yarda ba, ya ƙi cin tuwo, sai da Inna ta rantse masa. Na'Allah ya ce mini, "Ɗiyata, ni ma na tsufa, tafiyar nan wahala take ba ni, don ku biyu kawai nake yin ta. Amma kada ki sake sa ni in koma masa hannu wofi."

Ana cikin haka maigidana ya dawo daga taron komite ransa a ɓace, wai an yi masa habaici a gaban mutane, shugaban tsabta gidansa ne jujin layi. Ya ce ya san shi ya ɓata komai, zai mutu da wannan nadamar, amma maƙwabta ba su yi mana laifin komai ba, kuma in da gaske ina son tsohon nan in daina aika masa guba duk mako. Kalmar gubar nan ce ta tunzura ni, na ce masa gubar farko ai a lasifika aka aika ta, da ya riƙe bakinsa ranar da yau da ƙafata nake zuwa gaida ubana ba da kwandon shara ba. Na faɗi abin da ya fi haka ma, Allah ya yafe mini. Ya shiga ɗaki, muka yi kwanaki sai gaisuwa. Daga baya ya ce ba zai tilasta mini ba, amma komite ta yanke ƙarshen wata duk gidan da ke tara shara a ƙofa za a kai ƙararsa meri, in zaɓa kafin nan.

Asabar da ta wuce na kasa haƙuri, na ce sai na gani da idona. Na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, har Tsibiri, ban shiga gari ba, na sa ya sauke ni ta bayan gonaki, na biya ta gidan Na'Allah na roƙe shi ya raka ni. Gona ba gida ba ce, na ce ko a hanya na tsaya ban karya masa rantsuwa ba. Jama'a, gonar da na yi wayo a cikinta, inda nake kai masa fura yana ɗora ni a kafaɗa, ban gane ta ba. Gefen gabas duk ya zama tudun juji, leda baƙa da fara ta maƙale a kowane kara, iska na kaɗa ta. Na riƙa gane kayana ɗaya bayan ɗaya, ga bokitina da ya fashe, ga tsohon labulen ɗakina. Duk abin da na share daga gidana don gidana ya yi tsabta, ga shi nan a kan abincin iyayena. A gindin gawon da ke tsakiyar gonar kuma ya kafa wata ƴar rumfa, a ƙarƙashinta ya jera takalman nan a kan dutse, ƙafa ɗaya-ɗaya, daga ɗan mitsitsi har zuwa wanda ya fi nawa girma, ga allon lekol a jingine. An goge su tas, babu ƙura.

Sai na hango shi. Rabona da ganin fuskarsa tun ina da cikin fari, na bar shi ƙato mai faɗin ƙirji wanda muryarsa ke kaiwa ƙarshen gona, na tarar da wani ɗan tsoho a duƙe, rigar ta yi masa yawa, yana tona kayan jiya da sanda, hayaƙi na tashi a gefensa, in tari ya taso sai ya dafa gwiwa ya jira ya wuce. Na tsaya a kan iyaka. Na'Allah ya yi sallama, ya ɗago. Ya gan ni. Wallahi ya gan ni kuma ya gane ni, don sandar ta faɗi daga hannunsa. Na durƙusa a inda nake na ce, "Baba, ina wuni." Ya daɗe yana kallona, bakinsa na motsi, sannan ya juya mini baya, ya duƙa ya ɗauki sandarsa. Na ce shi ke nan, tafiya zai yi yadda yake yi wa yara. Bai tafi ba. Yana tsaye ya ba ni baya, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Na'Allah, kwalin maganin hawan jinin nan da nake gani a cikin kaya, an kwana biyu ban gan shi ba. Ka tambaya mini masu kayan, warkewa aka yi, ko dainawa aka yi?"

Ƴan uwa, na daina shan maganin nan tun bayan salla, gajiya na yi da shi. Maigidana da muke ɗaki ɗaya bai lura ba, ƴaƴana ba su lura ba. Sai kuka ya ƙwace mini. Na'Allah ma hawaye yake, ya ce, "Za a koma sha, Malam." Baba ya ce, "To a koma." Ya ci gaba da tonon kayansa yana tari, bai sake waiwayowa ba. Ban san yadda na iso bakin titi ba.

Ga inda nake yanzu. In na yi abonma da samarin nan, layinmu zai huta, maigidana zai fita kunya, gonar za ta samu sauƙi, hayaƙin da ke cin ƙirjin Babana zai tsaya, Inna ma abin da ta roƙe ni ke nan. Amma amalanke zai koma masa wayam duk Juma'a, dami ba zai sake zuwa ba tunda babu takin da za a biya haƙƙinsa, kuma na san shi, ba zai ce tsabta ce ta sa ba, cewa zai yi ɗiyarsa ta yanke ɗan abin da ya rage. Mutumin da mako guda ya hana shi cin tuwo, ina tsoron abin da wata guda zai yi masa. In kuma na ci gaba, to da hannuna nake loda abin da ke kashe shi, ina sane, ba kamar da ba da nake iya cewa ban gani ba. Duk ta inda na juya sai in ga kamar ina zaɓar masa kalar ciwon da zai tafi da shi ne, kuma ina tsoron ranar da Na'Allah zai zo mini ba Juma'a ba.

Don Allah kada ku zagi Babana, ba ku san shi ba, kuma kada ku ce in kashe aurena bayan jikoki, wannan ba shawara ba ce. Malaman da ke cikin gidan nan, akwai wata hanya da ake bi wa mutum irin wannan ya sauko ba tare da ya ji an kayar da shi a gaban garinsu ba? Waɗanda suka taɓa zama da tsoho mai taurin rai, me kuka yi? In bi maganar Inna in bar su shafa fentin, ko in riƙe amalanken har inda Allah ya nufa?

Na koma shan maganin tun ranar. Na tarar da ragowar wani kwali a cikin kayan ɗinki, jiya na shanye shi, kwalin yana nan a kan kekena na kasa jefa shi ko'ina. Samarin moto gobe za su biyo layinmu, Na'Allah kuma jibi. Ku gaya mini, wa zan ba?